FILIN MASU SANA'A: A Auna Matsin Inji Kafin A Kankare Kansa

A kasuwar Nguru da ta Gashuwa, da bakin tasha, da gindin kowace bishiyar da bakanike ya kafa rumfa, akwai wata magana da ba ta ƙarewa tsakanin masu inji da masu gyara, ita ce maganar matsi, abin da 'yan gareji ke kira kwamfireshan. Mai babur ya zo ya ce abin hawansa ba ya ja a cikin yashi, mai ɗan janareto ya ce nasa sai an ja igiya sau goma kafin ya tashi, amsa ɗaya ake ba su, wai matsi ya yi ƙasa. Magani kuma ɗaya ne a wurin masu gyara da yawa, watau a kwance kan silinda, a shimfiɗa samfefa a kan gilashi, a yi ta gogawa har ido ya gamsu, sa'an nan a mayar a ɗaure.

Sau da yawa kuwa inji yakan tashi da wani sabon ƙarfi, mai shi ya biya kuɗi yana godiya, ya tafi yana yabon hannun bakanike. Bayan mako uku ko huɗu sai a sake ganinsa ya turo babur ɗin, ko ya ɗauko janareton a ka, fistin ya huje ko ya cije a cikin silinda. Nan fa sai a ɗora laifi a kan mai, ko a kan kayan gyara na zamani, alhali kuwa tun ranar da aka goge kan silinda ba tare da awo ba aka yanke wa injin nan hukunci. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Abin ba wasa ba ne ga wanda injin nan shi ne jarinsa. Mai cajin waya a bakin kasuwa, da mai aski, da tela mai ɗinkin dare, duk a kan ƙaramin janareton nan mai hayaƙi suke cin abinci duk sa'ad da wutar lantarki ta ɗauke. Haka nan manomin fadama da ke ɗora buhun barkono a bayan tsohon baburinsa, da mai fito da ya ɗaura wa kwalekwalensa inji. In injin ya kwanta kwana uku, tukunyar gida ma ta kwanta. Saboda haka filin na wannan mako zai yi bayanin yadda ake lissafin matsi, da yadda ake ƙara shi ko rage shi da sani, gama lissafin bai fi ƙarfin wanda ya gama firamare ba, kayan awon kuma ba su fi ƙarfin aljihun bakanike ba.

YADDA INJIN YA ZO

Nguru ta daɗe da sanin ƙarfe. Tun 1930 layin dogo daga Kano ya iso ta, ta zama ƙarshen hanyar jirgi inda ake loda gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu. Gashuwa kuwa, hedikwatar masarautar Bade, tana bakin kogin Yobe, ƙasa kaɗan da inda kogin Haɗeja da na Jama'are suka haɗu. Tsakanin garuruwan biyu ga fadama ga yashi, ƙasa ce wadda ƙaramin inji mara nauyi ya fi dacewa da ita. Lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, baburan Suzuki da Yamaha da Vespa suka cika garuruwan Arewa, akasarinsu kuwa masu bugu biyu ne. Daga baya, bayan an fitar da Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno a 1991, sai Jincheng na ƙasar Sin ya shigo da araha, shi ma mai bugu biyu, an ƙera shi bisa tsarin Suzuki AX100. Yanzu Bajaj Boxer da ire-irensa masu bugu huɗu sun karɓe titi, yawancin injinan ban-ruwa na fadama ma masu bugu huɗu ne. Amma fa mai bugu biyu bai mutu ba, yana nan a cikin ƙaramin janareto irin su Tiger, da injin kwalekwale, da zarton inji, da tsofaffin baburan da masu su suka ƙi rabuwa da su.

Wani Bature ɗan ƙasar Sikotlan mai suna Dugald Clerk shi ne ya yi rajistar irin wannan inji a 1881. Bayan kamar shekara goma Joseph Day na Ingila ya sauƙaƙa shi, ya cire bawul, ya sa fistin da kansa ya riƙa buɗe ƙofofi da rufe su. A 1926 kuma Adolf Schnürle na Jamus ya tsara yadda sabon mai zai zagaya cikin silinda ya kori hayaƙi. Kusan duk injin da ake gyarawa a rumfunan Nguru da Gashuwa jikan aikin mutanen nan uku ne.

ABIN DA KE GUDANA A CIKI

Inji mai bugu huɗu sai fistin ya hau sau biyu ya sauka sau biyu kafin wuta ta kama sau ɗaya, yana kuma da bawul masu rufe silinda ruf kafin a fara matsi. Mai bugu biyu kuwa hawa ɗaya da sauka ɗaya ya gama kome. A jikin bangon silindarsa akwai ƙofofi, ƙofar hayaƙi tana can sama kaɗan, ƙofofin shigar mai suna ƙasa da ita. In fistin ya sauka sai ya buɗe ƙofar hayaƙi tukuna, sa'an nan ya buɗe na mai, haɗin iska da fetur da aka matsa a akwatin karanshaf ya taso ya tura hayaƙi waje. In ya juya yana hawa sai ya rufe ƙofofin mai, amma ƙofar hayaƙi tana nan a buɗe har ya ƙara hawa. To, duk wannan tafiya ta farko ba matsi ake yi ba, tamkar mutum ne yana tura hatsi cikin buhu mai huji. Sai an rufe ƙofar hayaƙi matsi na gaskiya yake farawa.

Ninkin matsi shi ne amsar tambaya guda: wurin da haɗin mai yake ciki kafin a matse shi, sau nawa ya ninka ɗan wurin da aka ƙuntata shi a ciki sa'ad da fistin ya kai ƙololuwa? Ɗan wurin nan da ya rage tsakanin saman fistin da kan silinda, shi ne ɗakin wuta. In an ce ninkin matsi 7:1, ma'ana an ɗauki mudu bakwai an cusa shi a wurin mudu ɗaya.

LISSAFI IRI BIYU

Daga nan ruɗani yake tasowa, domin kuwa lissafi biyu ake yi wa inji ɗaya. Kamfanonin Turai da dama sun saba lissafi tun daga ƙarshen saukar fistin, kamar dai ƙofar hayaƙi ba ta nan. Kamfanonin Japan kuwa daga inda ƙofar hayaƙi ta rufe suke fara nasu. Shi ya sa mutum zai ga littafin wani injin Turai ya ce 10:1, na Japan ya ce 6.6:1, ya zaci na farko ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, alhali mai yiwuwa matsinsu ɗaya ne. Yawancin baburan aiki da injinan kwalekwale na Japan tsakanin 6:1 da 7:1 suke, a bisa lissafinsu.

A ɗauki misali da inji mai faɗin silinda milimita 50 da tsawon tafiyar fistin milimita 50, wanda shi ne awon AX100. Da farko a mayar da awon santimita, watau 5 da 5. A ninka faɗin da kansa, 5 sau 5 ya ba da 25, a sake ninkawa da 0.7854, sai a sami 19.63. Wannan shi ne filin saman fistin, kuma lamba ce da ya kamata a riƙe, gama za a yi ta komawa gare ta. In an ninka ta da tsawon tafiya, 19.63 sau 5, sai a sami cc 98.2, abin da ake taƙaitawa a ce inji 100. Shi cc ɗaya kuwa daidai yake da mililita ɗaya da ke rubuce a jikin sirinji.

To, a ɗauka an auna an tarar leɓen sama na ƙofar hayaƙi yana milimita 33 ƙasa da inda fistin ke ƙarewa a sama, ɗakin wuta kuma cc 12 ne. Waɗannan lambobi biyu na misali ne kurum, kowane inji sai an auna nasa. A lissafin Turai za a haɗa 98.2 da 12, a sami 110.2, a raba da 12, amsa 9.2:1. A lissafin Japan kuwa 19.63 sau 3.3 ya ba da cc 64.8, a haɗa da 12 a sami 76.8, a raba da 12, amsa 6.4:1. Inji ɗaya, lambobi biyu, kowace kuwa gaskiya ce a wurinta. Haɗarin shi ne bakanike ya ji an ce injin kirki yana kai 9:1 ko 10:1, ya auna nasa da lissafin Japan ya ga 6.4, ya hau kankara da niyyar cim ma waccan lamba. Kafin ya kai rabin hanya fistin ya riga ya narke.

YADDA AKE AWO

Kayan aiki huɗu ne: ma'aunin milimita mai baki biyu irin na masu injin feƙe ƙarfe, da sabon sirinji na mililita 10 ko 20 daga kantin magani, da ɗan giris, da man 2T da aka tsinka shi da kananzir kaɗan don ya gudana. A cire kan silinda, a wanke kunkunniyar da ta taru a kansa da saman fistin, a auna faɗin silinda. A juya karanshaf har fistin ya kai ƙarshen saukarsa a auna zurfi daga bakin silinda, a juya ya kai ƙololuwa a sake aunawa, bambancin shi ne tsawon tafiya. Sai kuma a sauke fistin a hankali har gefensa ya yi daidai da leɓen sama na ƙofar hayaƙi, a auna zurfin nan, a debe ɗan abin da ya rage tsakanin fistin da bakin silinda sa'ad da yake ƙololuwa.

Awon ɗakin wuta shi ne mai bukatar natsuwa. A shafa giris siriri a kewayen fistin don kada mai ya zurara ta ringi, a kai fistin ƙololuwa, a share ragowar giris ɗin, a mayar da gaskit da kan silinda a ɗaure yadda aka saba. A karkata injin har ramin fulogi ya dubi sama sak. Daga nan a riƙa ɗiga mai daga sirinji ta ramin fulogi, a hankali don kada iska ta maƙale, har ya taɓa zaren farko na ƙasa. Abin da ya fita daga sirinji shi ne girman ɗakin wuta. A yi awon sau biyu ko uku, in amsoshin ba su yi daidai ba to akwai inda mai ke zurarewa. In an gama lalle a zubar da man sarai kafin a tayar da inji, domin mai ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistin.

Kada a gauraya wannan da agogon matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Shi agogo ƙarfin iska yake nunawa, ba ninki ba, amfaninsa kuwa shi ne gane lafiyar ringi. Ƙaramin inji mai lafiya yakan nuna tsakanin psi 110 da 150 in an buɗe totur gaba ɗaya ana harbawa, in kuwa ya sauko ƙasa da 90 tashinsa yakan yi wuya. In an ɗiga ɗan mai a silinda allurar agogo ta ɗaga sosai, to ringi ne ya cinye, kan silinda ba shi da laifi.

ABIN DA KOWANE GYARA KE JAWOWA

Kankare kan silinda yana rage ɗakin wuta. A injin misalin nan, kowane rabin milimita da aka cire ya tafi da kusan cc 1, tun da 19.63 sau 0.05 ya ba da 0.98. Ɗakin wuta ya koma 11, ninki ya tashi daga 6.4 zuwa 6.9. In milimita guda aka cire, ɗaki ya koma 10, ninki ya zama 7.5. In an kai milimita ɗaya da rabi, ɗaki 9, ninki 8.2. Mai karatu zai lura da cewa kankarar farko ta ƙara 0.5, ta biyu 0.6, ta uku 0.7, watau duk sa'ad da ɗakin ya ƙara ƙanƙancewa, cizon samfefa yana ƙara zafi. Ƙaramin janareto mai cc 63 kuwa, wanda faɗin silindarsa milimita 45 ne, rabin milimita ya cire masa cc 0.8 daga ɗakin da tun asali ƙarami ne.

Wanda ya san inda ya dosa ba ya bukatar lalube. A debe 1 daga ninkin da ake so, a raba abin da aka tsare bayan rufe ƙofa da amsar. Misali ana son 6.8, to 64.8 a raba da 5.8 ya ba da 11.2. Ke nan cc 0.8 za a rage, in an raba shi da 19.63 kuwa ya zama kamar milimita 0.4. Wannan ita ce lambar da za a kai wa mai injin feƙe ƙarfe, maimakon a ce masa, "Maigida, a ɗan taɓa mini shi kaɗan."

Faɗaɗa silinda don sa babban fistin shi ma yana ƙara matsi, ko da ba wanda ya yi niyyar haka. In faɗi ya tashi daga 50 zuwa 51, filin saman fistin ya zama 20.43, abin da ake tsarewa ya koma 67.4, ninki ya zama 6.6. Gaskit ɗin sama mai kauri yana rage matsi, ƙarin rabin milimita ya mayar da ɗaki 13, ninki 6.0. Gaskit ɗin gindin silinda kuwa aiki biyu yake yi, yana ɗaga silinda duka, ɗaki ya ƙaru, ƙofofi kuma su matsa sama, ninki ya faɗo 5.9. Cire shi ko sa na takarda siririya yana jawo akasin haka. Wanda kuma ya sa zarto ya ɗaga leɓen ƙofar hayaƙi da milimita 2 don neman gudu, ya sauke ninki zuwa 6.1, ko da yake lissafin Turai ba zai nuna an taɓa kome ba. Irin wannan babur yakan yi ihu a kan kwalta, amma ya kasa fita daga yashi da kaya.

Babbar matsala ita ce taruwar gyare-gyare. Tsohon babur ya bi ta hannu biyar, wani ya faɗaɗa silinda zuwa 51, wani ya kankare rabin milimita, na uku ya ƙara wani rabin, kunkunniya kuma ta cinye rabin cc. Kowa ɗan kaɗan ya yi, ba kuma wanda ya rubuta. In an yi jimla ɗakin wuta ya koma 9.5, ninki ya kai 8.1 a injin da ya fara da 6.4.

RIBAR NAWA CE?

Ba a musun cewa matsi yana ƙara ƙarfi, amma ya kamata a san nawa ne. Bisa lissafin masana kimiyyar zafi, tashi daga 6.4 zuwa 6.9 ba ya ƙara abin da ya kai kashi 3 cikin 100, tashi zuwa 7.5 kuma bai kai kashi 6 cikin 100 ba. Ga inji mai ƙarfin doki 8, ribar ba ta kai rabin doki ba. A janareto ma abin ya fi zama aikin banza. Gwamna tana riƙe shi a juyi 3,000 cikin minti ɗaya, nadin wayar da ke ba da wuta kuma wajen wat 650 aka yi shi ya ɗauka, kome aka yi wa kan silinda ba zai ƙara ko ƙwan fitila ɗaya ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa daga baya, mutane suka shiga neman dabarar rage shan mai, wasu suka ɗauka matsi ne maganin. Amma ɓarnar mai a inji mai bugu biyu ba daga nan take ba. Sa'ad da ƙofofin mai da ta hayaƙi suke buɗe tare, wani kaso na sabon mai yana ficewa ta salansa ɗanye, yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu. Kankara ba ta toshe wannan hanya. Mafi muni kuma shi ne a haɗa kankara da ƙuntata kafireto da rage man 2T, domin fetur ɗin nan da ake tsumulmularsa shi ne ke sanyaya saman fistin.

ZAFI DA ƘURA DA FETUR

Abin da ya dace da wata ƙasa ba lalle ya dace da Bade da Nguru ba. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a nan yakan wuce digiri 40, yawancin injinan nan kuma iska ce ke sanyaya su. Matsi yana ninka zafin da ya tarar, har kowane digiri ɗaya da iskar shiga ta ƙaru da shi ya zama kusan biyu a ƙarshen hawan fistin. Ke nan injin da aka gyara aka gwada da sanyin hunturu ya yi lafiya, yana iya fara ƙwanƙwasa da azahar ɗin bazara. Bayan haka garuruwan biyu ba su kai mita 400 bisa teku ba, Jos kuwa ta wuce mita 1,200, iskarta ta fi ta nan sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin goma. Kan silindar da aka kankare a kan tudun Jos ya zauna lafiya, in an sauko da shi bakin kogin Yobe labari ya sake.

Fetur kuma yana da iyakar matsin da zai jure kafin ya fashe da kansa, wannan juriya ita ake kira okten. Fetur ɗin da ake sayarwa a Nijeriya wajen 91 aka ƙayyade masa. Wanda ya daɗe a kwalba ko jarka a rana wurin 'yan bumburutu ya rasa sassansa masu saurin tashi, wanda aka gauraya da kananzir kuwa juriyarsa ta zube ƙasa warwas. Kamfanonin da suka tsayar da ninki a 6 da 'yan kai ba rashin wayo ya sa su ba, sun bar rata ne saboda irin wannan mai da irin wannan rana.

Akwai kuma aikin salansa. A shekarun 1950 Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya nuna cewa bututun hayaƙi mai tumbi yana mayar da wani kaso na man da ya fita cikin silinda daf da rufe ƙofa. Ɗan tserensa Ernst Degner ya gudu a 1961 ya koma Suzuki, ya ci kambin duniya na babura masu cc 50 a 1962. Darasin da ke nan shi ne, in inji yana gudu, matsin da ke cikinsa yana iya wuce abin da takarda ta nuna, don haka mai sauya salansa ya san matsi ma yake taɓawa.

RATAR GEFE DA ALAMUN HAƊARI

Kafin a cire ko ƙwayar ƙarfe daga kan silinda, a auna ratar da ke tsakanin gefen fistin da gefen kan silinda a ƙololuwa. A lanƙwasa wayar dalma irin ta masu gyaran rediyo, a zura ta ramin fulogi har ta taɓa bangon silinda a saitin fil ɗin fistin, a juya karanshaf da hannu ya danne ta, a zaro a auna kaurin inda ta baje. Ga injin aiki mai cc 100, wajen milimita 1 shi ne kwanciyar hankali, in ta gaza 0.7 fistin yana iya taɓa kai sa'ad da ƙarfe ya yi zafi ya miƙe. In awo ya nuna an riga an yi kusa, gaskit mai kauri na jan ƙarfe ko alminiyam shi ne magani mafi araha.

Inji ba ya mutuwa bai yi kuka ba. In ana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani sa'ad da aka ɗora masa kaya, to haɗin mai fashewa yake yi maimakon ya ƙone a tsanake. In an cire fulogi aka ga bakinsa fari fat, ko da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, wannan alminiyam ɗin fistin ne ya fara narkewa. In saman fistin ya yi kaushi kamar an watsa masa yashi, musamman ta gefen ƙofar hayaƙi, ko kuwa inji ya ci gaba da aiki bayan an kashe makunni, to a tsaya haka nan, a kwance a auna.

Yawancin injinan da ake kawowa da kukan rashin ƙarfi kuwa ba ƙarin ninki suke bukata ba, nasu na asali suke so a mayar musu. Ƙurar hunturu ta ci ringi saboda an cire soson iska ko an bar shi a bushe, kunkunniya ta toshe ƙofar hayaƙi da salansa saboda an zuba baƙin man mota maimakon 2T, ko kuwa robar da ke rufe gefen karanshaf ta tsage tana jan iska. Waɗannan ya kamata a fara dubawa, a kuma kiyaye awon mai, in littafi ya ce 50:1, to mililita 20 ke nan a kowace lita, 80 a lita huɗu.

Zai yi kyau ƙungiyoyin makanikai na Nguru da Gashuwa da Jajimaji su haɗa kuɗi su sayi agogon matsi da ma'aunin milimita, ko da guda ɗaya ne a kowane layi, kowane maigida kuma ya koya wa yaransa lissafin nan tare da riƙon sifana. In an kankare kai, a buga adadin da aka cire a jikinsa domin wanda zai kwance shi gaba ya sani. Mai inji shi ma yana da hakkin ya tambaya, "Malam, nawa aka tarar, nawa za a mayar da shi?" Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba, wanda kuwa ya kasa amsawa, gara a ɗauki inji a gaba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba kafireto da yadda ake karanta lafiyar inji daga launin fulogi.